Wasiƙa Kan Sakamakon Gwajin Yaya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar jikin Yaya, na ga saƙonka game da gwajin CEA da aka yi masa kafin tiyatar ciwon dajin babban hanji, kuma na fahimci cewa adadin da ya haura 5 ne ya hana ka barci.

CEA furotin ne da ƙarin dajin ke zubawa cikin jini, wanda Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Kanada a 1965. Gaskiya ne cewa masu adadi mai yawa kafin tiyata sun fi fuskantar dawowar ciwon, amma wannan hukunci ne da aka ciro daga ɗimbin marasa lafiya, ba ya ƙayyade kwanan mutum ɗaya, balle ma shan taba da ciwon hanta kan ɗaga shi. Abin da nake so ku sa wa ido shi ne ko ya sauka cikin makonni 4 zuwa 6 bayan an cire ƙarin, da yadda zai riƙa tafiya a gwajin da ake maimaitawa duk wata 3 zuwa 6.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi a wurina. Ku tambayi likita ko an duba furotin huɗu masu gyara kurakuran ƙwayoyin gado a naman da aka yanko, wato MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2. Kusan kashi 15 cikin 100 na irin wannan ciwo kan rasa wasu daga cikinsu, kuma idan ciwon a mataki na biyu ne, wato bai kai kaluluwa ko wani sashen jiki ba, rashin nasu alama ce ta alheri, domin ciwon bai cika dawowa ba. Idan ma ya bazu, irinsa ne ke jin magungunan zaburar da garkuwar jiki kamar pembrolizumab. Sai dai wani lokaci rashin nasu yana nuna cutar Lynch da ake gada, mai ƙara haɗarin kamuwa da ciwon daji, wadda ta shafe ka kai da 'ya'yansa.

Duk da haka, matakin ciwon ne ke kan gaba wajen hasashe: zurfin da ya ci a bangon hanji, da ko ya kai kaluluwa ko hanta. Don Allah ka turo mini rahoton naman in karanta. Allah Ya ba Yaya lafiya, ka gaishe shi da iyali.

Naka,
Amininka