Godiya ga Asibitin Ƙashi na Dala kan kafaɗar ɗana

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a domin in gode wa likitoci da ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Ɗana gola ne a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Yana ɗan shekara 17 kafaɗarsa ta dama ta fara gocewa, ranar da ya yi tsalle ya faɗo a kan hannu. Muka kai shi wurin mai ɗori, aka ja aka mayar, muka ce an wuce wurin. Ashe da sauran rina a kaba. Cikin shekara biyu ta goce sau shida, har ta kai ko riga zai sa sai ya yi a hankali. Ta ƙarshe a cikin barci ta fita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda likitan ya zaunar da mu. Bayan an ɗauki hoto, ya juyo mana da kwamfutarsa, ya nuna mana kan ƙashin damtse, mulmulalle, da wani wuri ta baya da ya lotsa kamar an danna gwangwani da yatsa. Ya ce duk lokacin da kafaɗa ta fita ta gaba, kan ƙashin yana bugun bakin gurbinsa, lotsawar na ƙara zurfi, shi ma bakin gurbin yana cinyewa. Shi ya sa da yaron ya ɗaga hannu ya juya shi baya, sai ta sake zamewa. Sunan raunin Hill-Sachs, daga wasu likitocin hoto biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1940. Da Hausa ya yi mana duk wannan bayani, bai ƙosa da tambayoyina ba, kuma wallahi na yi su da yawa.

An yi masa aiki, aka ƙara ƙashi a bakin gurbin aka ɗaure da noti. Sai kuma 'yan sashen gashin ƙashi, waɗanda suka yi watanni suna lallaɓa shi yana motsa hannun kaɗan-kaɗan, ranar da ya yi kuka ma ba su tsawata masa ba. Ma'aikatan jinya na dare, Allah Ya saka muku da alheri.

Jiya na gan shi ya miƙa hannun nan ya sauko wa mahaifiyarsa da tukunya daga saman kanta, bai ko yamutsa fuska ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya albarkaci zuri'arku.

Naku,
Mahaifin wani majinyaci, daga Kano