Gwauron kifina: wane irin abokin zama zan kawo masa?

Assalamu alaikum Likita,

Barka da aiki, ya iyali? Ba na wuce shirinka na kiwon kaji da awaki da tarwada, amma tawa tambayar daban take, ka yi haƙuri da ni.

Ina da akwatin gilashi na ruwan gishiri a falo mai cin lita 100, da 'yan kifayen teku biyu masu launin ruwan lemo da fararen zane uku, waɗanda masana ke kira Amphiprion ocellaris. A zafin Afrilu aka ɗauke wuta wani dare, injin iska ya tsaya, da asuba muka tarar babbar ta mutu. Ƙaramin ya tsira.

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan kifi duk a maza suke fara rayuwa. Wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, mai bi masa ya zama mijinta. Idan ta mutu, mijin ne ke juyewa ya gaje ta, kuma wanda ya zama mace ba ya komawa namiji har abada. Ikon Allah! Tun shigowar damina nawa ya ƙara jiki, ya mamaye akwatin, har hannuna yake cizo in ina goge gilashi. Ina zargin gwauron nan ya riga ya zama bazawara, ga shi kuma ido ba ya iya tantancewa.

Mai sayarwa a Legas ya turo mini hoton wani ƙato ta WhatsApp, wai sa'an nawa ne. Na ƙi. Ƙato irin wannan da wuya a ce ba mace ba ce, kuma mata biyu a akwati ɗaya sun fi kishiyoyi tashin hankali, sai ɗaya ta kashe ɗaya. Ni a ganina ɗan ƙarami ya dace, kuma nau'insu ɗaya, ba ɗan uwansu mai launin jan goro da ya yi suna wajen faɗa ba. To ƙanƙantar ta kai yaya? Rabin girman nawa ya isa, ko hakan zai sa a cuce shi?

Na san idan ƙaramin ya karkata yana karkarwa a gaban babba, ya miƙa wuya ke nan. Amma yaushe kora da 'yar tsangwama ke wuce na sabawa da juna? In na ga fiffike ya yage, ko sun sarƙe baki da baki, in raba su nan take?

Sai batun lokaci. Sabon zai sha doguwar tafiya a leda, sannan in killace shi a wani akwati na mako 4 saboda cuta. Ruwan yana son ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27, kai kuwa ka san sanyin hunturun Zariya da dare. In kawo shi yanzu, ko in jira hunturu ya wuce?

Maigida dai cewa yake a bar shi haka, kuɗin ya fi amfani a batirin sola. Yana da gaskiyarsa, tunda kifin yana rayuwa shi kaɗai lafiya, har ya haura shekara 10. Yara kuma kullum sai sun tambaye ni yaushe amarya za ta tare, na rasa yadda zan bayyana musu cewa ango muke nema.

Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
daga Tudun Wada, Zariya