Matan Arewa Ba Su Yi Zaɓe A 1960 Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in yi gyara a kan wata magana da ake yawan maimaitawa a jaridu da gidajen rediyo duk lokacin da aka zo bikin ranar mata, wato wai matan Najeriya sun sami 'yancin jefa ƙuri'a tare da samun 'yancin kai a 1960. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma tana binne shekara goma sha shida na tarihin matan Arewa.

Ba rana ɗaya matan ƙasar nan suka sami wannan dama ba, domin a zamanin jihohi uku kowace jiha da tsarin zaɓenta. Jihar Gabas ce ta fara buɗe wa mata ƙofa a 1954. Jihar Yamma ta biyo baya, da farko ga matan da ke biyan haraji. Da aka zo babban zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, duk macen Kudu da ta kai shekara 21 tana da ƙuri'a. A Arewa kuwa maza zalla aka rubuta a rajista. Tsarin mulkin 1960 ma ya fito fili ya ce wanda zai tsaya takarar Majalisar Wakilai daga Arewa sai ya kasance namiji. Haka aka sake yi a zaɓen 1964.

Abin lura shi ne yadda aka raba kujeru. Majalisar Wakilai ta 1959 tana da kujera 312, Arewa ta sami 174 saboda yawan jama'arta. A wannan ƙidayar an haɗa da mata. Ke nan an ƙirga su wajen rabon kujeru, amma ranar da aka jera akwatuna a bayan labule, kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyya, fartanya ta NPC ko tauraron NEPU, babu mace ko ɗaya a layi. A ganina wannan shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne ba a cika faɗa ba.

Jam'iyyar NPC mai mulki ta dage cewa al'ada da addinin jama'a ba su shirya wa hakan ba tukuna. NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta ɗauki akasin haka, kuma Malam Aminu Kano da dalilan addini yake kare matsayinsa, yana kafa hujja da karatun mata a gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Saboda haka kuskure ne a mayar da muhawarar kamar rigima ce tsakanin Musulunci da Turai. Musulmi ne a ɓangarorin biyu, kuma akwai lissafin siyasa a ciki.

Wadda ta fi shan wuya a wannan gwagwarmaya ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta rasu a 2001. Tun tana ƙaramar yarinya ta shiga NEPU, ta kuma shugabanci reshen mata. Ta je Abeokuta ta ga yadda Funmilayo Ransome-Kuti ta haɗa kan matan kasuwa. Da ta dawo sai ta riƙa shiga gida-gida tana yi wa matan kulle magana, tunda ba za su fito dandalin lacca ba. A kan haka aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure ta, aka kore ta daga Kano. An ruwaito cewa sau 16 ta shiga kurkuku. Duk wannan tana yi wa jam'iyya kamfe ne a zaɓen da ita kanta ba ta da ƙuri'a a ciki.

A duba maƙwabta. A Nijar, dokar Faransa ta 23 ga Yuni 1956 ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji, a ƙasashen da take mulka. Don haka a zaɓen Maris 1957 doka ta yarda matar Maraɗi ko Damagaram ta yi zaɓe, alhali 'yar'uwarta ta Katsina ko Daura sai da ta jira kusan shekara ashirin. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya a tsakani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa doka ce ta raba su. A Sudan ma Fatima Ahmed Ibrahim ta shiga majalisa tun 1965.

To, yaushe ne matan Arewa suka samu? A 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kuma yi zaɓensu a ƙarshen shekarar. Ba majalisar farar hula ce ta ba su ba, soja ne, abin da ya kamata ya ɗan sosa ran 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da 'yancin a duk faɗin ƙasa, ya kuma sauko da shekarun zaɓe zuwa 18. Kwamitin da ya rubuta daftarin kuwa, mutum 49 ne, duk maza. Zaɓukan 1979 da suka kawo Alhaji Shehu Shagari su ne zaɓukan tarayya na farko da matan Arewa suka shiga layi. Shekara huɗu bayan haka Malam Aminu Kano ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa, sai dai Allah ya yi masa rasuwa a Afrilun 1983 kafin a yi zaɓen.

Roƙona, Malam Edita, idan za a sake rubutu a kan wannan batu a bambance shekarun: 1954 ga Gabas, 1959 ga Kudu baki ɗaya, 1976 da 1979 ga Arewa. Sannan a tura wakilanku su nemi matan da suka jefa ƙuri'ar farko su ɗauki bayaninsu: wa ya rubuta su a rajista, da ƙarfe nawa suka fito, da izinin wa, kuma yaya aka tsara layinsu. Wadda ta cika 18 a 1979 an haife ta a 1961, don haka da yawansu suna raye a unguwanninmu, kuma za su iya ba da labarin da bakinsu.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya