Uwargidana na shan kodin, shekara uku ke nan ina rufa mata asiri

Assalamu alaikum Malama,

Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 44, ina da mata biyu da 'ya'ya shida.

Maganar a kan uwargidana ce. Mun yi aure a 2010, auren soyayya, tun ina yaron shago. Har da kuɗin adashinta a jarin da na fara tsayawa da ƙafata. A 2017 na ƙara aure, kuma gaskiya ban kyauta mata ba. Saura sati biyu ɗaurin aure na gaya mata, alhali ba ta cika wata uku da yin ɓari ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi yaji ba. Na ɗauka haƙuri ne, har ina yabonta a majalisa. Ashe a tsakanin nan ne wata ƙawarta ta miƙa mata robar lemo a gidan biki, an juye maganin tari mai kodin a ciki, ta ce mata zai sa ta samu barci.

Sai bayan shekara biyar na gane. Wata rana na dawo gida da azahar ba zato, na tarar da babbar 'yarmu, lokacin tana shekara tara, a tsugune tana fifita gawayi, ƙanenta goye a bayanta, makarantar ma ba ta je ba. Na ce ina Ummanku? Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Tana barci, kanta ke ciwo." Yadda ta faɗa shi ya tsaya mini a rai, domin ka ji ka san ba yau ta fara faɗa ba. Na shiga ɗaki na same ta a kwance, ido a lumshe, magana tana fita da kyar, tana ta susar hannu. A tsohon akwatin lefenta na ga kwalaben da ta shanye, an naɗe su da atamfa ɗaya bayan ɗaya don kada su yi ƙara.

Ta yi kuka, ta rantse ta daina. Na yarda. Ta daina ɗin kuwa, amma kwana uku kawai ta iya: gumi, zawo, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, ba barci dare da rana. A rana ta huɗu, Malama, ni da hannuna na ba ta kuɗi, na kau da kai kamar ban san abin da za ta saya ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai ke.

Ina tuna lokacin da gwamnati ta hana shigo da maganin nan da sarrafa shi a 2018, bayan rahoton da BBC ta yi, muna zaune a shago muna ta Allah wadai da iyayen da ba sa sa ido a kan 'ya'yansu. Ban san a gidana ake sha ba. Hanin bai sa ya ɓace ba, tsada kawai ya ƙara. Ɗan kunnenta na gwal ya tafi, keken ɗinkinta ya tafi, kuɗin cefane kuma ba ya kaiwa inda ya saba kaiwa. Idan babu kuɗin kwalba sai ta koma tiramol, shi kuma har faɗuwa ya taɓa sa ta yi tana karkarwa kamar mai farfaɗiya, yara suna tsaye suna ihu. Maƙwabta suka ce iska ce. Na bar su a haka, har na ɗauko mai ruƙiya, ina sane sarai ba aljani ba ne.

Abin da na lura da shi, shan nata yana bin yanayin gidan. Ranar da nake ɗakin amarya, ko ranar da Hajiya mahaifiyata ta zo ta ga tsakar gida ba shara ta yi mata gori, ranar ta fi sha. Ni kuma da na ga ta sha sai raina ya ɓaci, in daina shiga ɗakinta ko da kwananta ne, sai ta ƙara. Amarya ba ta da mugun hali, ita ke yi wa yaran wanka da kitso sau da yawa, amma ta fara gajiya, kuma ta ce ba za ta yarda 'ya'yanta su riƙa shiga wancan ɗakin ba. Ban ga laifinta ba.

Babbar 'yar tamu ce ta fi damuna. Yanzu shekararta 12, ta iya ƙarya a kan uwarta fiye da yadda ta iya karatu. Kwanan nan na gano har aikenta ake yi wurin matar da ke sayarwa, da robar a cikin hijabi. Ba ta wasa da ƙawaye, ba ta gayyatar kowa gidanmu.

Mutum biyu na taɓa tuntuɓa a kaikaice, kamar maganar wani nake yi. Na farko ya ce saki kawai, a raba ta da yaran. Na biyun, ma'aikacin lafiya ne, ya ce wannan ciwo ne da ake magani, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da ɓangaren ba da shawara. Da na gwada mata zancen Dawanau sai ta fashe da kuka, wai so nake a ce ta haukace in samu hujjar rabuwa da ita. Gidan mari kuwa ban ma sa shi a lissafi ba, tun azabtar da mutane da aka gano ana yi a irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019.

To Malama, ga abin da nake neman shawararki a kai. Iyayenta ba su sani ba. Mahaifinta dattijo ne mai hawan jini, kuma na san in maganar ta fita, har ƙannenta mata sai ta shafa wajen aure. Shin in faɗa musu, ko akwai wanda ya fi dacewa in fara samu, kamar yayarta? Ta yaya zan shawo kanta ta ga likita ba tare da ta ɗauka tozarta ta zan yi ba? Yaran kuma, in kai su wurin Hajiya har ta samu sauƙi, ko raba ta da su zai ƙara dagula ta? Sannan me zan ce wa 'yata, wadda har yau muke yi wa juna kamar ba mu san komai ba?

Ba na son sakinta, ina sonta har yanzu, kuma na san ina da hannu a yadda ta shiga wannan hali. Amma jiya da daddare na ji ƙaramarmu mai shekara huɗu tana wasa da 'yar tsanarta, ta kwantar da ita tana cewa, "Ku yi shiru, Umma ta sha magani." Shi ya sa na kasa barci na zauna rubuta miki.

Ina sauraron shirinki kowane mako, zan jira amsarki.

Wassalam,
Wani magidanci daga Kano