Zuwa ga mutumina, kan maganar fim

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya zafin can? Mu nan Jos sanyi ya fara sauka, da asuba sai ka yi ta shawara da zuciyarka kafin ka taɓa ruwan alwala. Su Hajiya suna gaishe ka, sun ce ka yi shiru da yawa.

Na ga saƙonka, wai ka kalli kashi na biyu na Coming to America har kana cewa in nema in kalla. Toh ai na riga ka, tun 2021 da ya fito a Amazon na gan shi, kuma wallahi ban ga abin da ya burge ka ba. Na farkon ya fito 1988, shekara 33 kenan tsakani, amma me suka kawo sabo? Shagon askin nan dai, tsofaffin nan masu gardama dai, Eddie Murphy da Arsenio Hall sun sake shafa kwalliyar tsufa suna surutu iri ɗaya. In ka lura dariyar da ka yi ta tunawa ce, ka ga fuskar da ka sani tun kana yaro sai ranka ya yi fari, ba wai abin da suka faɗa ne ya ba ka dariya ba. Ni wurin da ya ɗan motsa ni kawai inda Davido ya fito yana waƙa a wajen biki, shi ma don namu ne.

Barkwanci ba ya son maimaici, matsalar kenan. Shi ya sa har gobe nake sara wa marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu Disambar 2014 amma har yanzu ba a samu wanda ya zauna kujerarsa ba. Fina-finansa ba sa ƙirguwa kuma duk sunan Ibro ne a gaba, amma dabararsa ita ce ba ya tsayawa jan labari ɗaya, yau direba ne gobe boka jibi ɗan sanda, mutumin ɗaya ne amma kullum an jefa shi cikin sabuwar rigima, kuma yawancin maganar ma kana ji ka san a nan take ta zo masa ba a takarda take ba. Ka tuna har gidan yari aka kai shi a Kano a 2008 kan Ibro Aloko? Mutumin da ya taɓa aikin gandiroba fa. Kai duniya.

Amma fa kar ka ɗauka ina cikin masu cewa komai na da ya fi. A'a. Ka je YouTube ka buɗo fim ɗin Hausa na shekarar 2000 ka gani, sauti kamar a cikin rijiya ake magana, wani lokacin har makirufo kana hangowa a saman allo. Ga wayon da 'yan kasuwa suka yi mana shekara da shekaru, fim ɗaya a datsa shi biyu, daidai inda amarya za ta buɗe baki ta faɗi sirri sai ka ga an rubuto mu haɗu a kashi na biyu, ka koma shagon haya ka sake biya. Kaset ɗin kuma ya sha hannu, hoto na ta ruwa, sai an kwance murfin bidiyo an goge kansa da farar takarda da ɗan turare, yara cike da tsakar gida kowa na addu'ar kar NEPA ta ɗauke. A haka muka kalli Sangaya da Wasila. Yayyenmu kuma su sinimar Kwararafa suke zuwa kallon Indiya, mu sai labari.

Na yanzu ta fannin hoto da sauti ba a magana, Labarina na Aminu Saira aiki ne mai kyau, Gidan Badamasi ma ya ba ni dariya sosai a farko. Inda suke ɓata min rai jan rai, tunda kuɗin yanzu a talla da yawan masu kallo yake, abin da za a gama a fitowa goma sai a kai shi zango bayan zango, mutum ya shiga mota a nuna, ya fito a nuna, ya yi sallama a amsa har a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, data na ta ƙonewa.

Abin da ke min ciwo mu 'yan Jos, a nan hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa take, ga makarantar koyon fim, nan ne garin Karkuzu na Bodara da iyayenmu ba sa bari ya wuce su a talabijin, amma yaran Gangare da Anguwan Rogo masu abin dariya duk a TikTok suke ƙarewa da bidiyon minti ɗaya. Tun Janairun 2024 aka ba Ali Nuhu shugabancin hukumar, kuma shi ma a jami'ar Jos ya yi karatu, muna dai zuba ido.

Ka rubuto min ka kare fim ɗin naka in kana da hujja, amma banda cewa ya tuna maka da yarinta, wannan na riga na kashe ta. Yaushe za ka shigo ne, ko sai babbar sallah? Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Jos