A bar mai dashen ƙoda ya sha maganinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da dangin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ni ma da ƙoda ɗaya nake yawo, ɗayar tana cikin ƙanena yau shekara huɗu.

A bikin 'yar yayarmu wata gwaggonmu ta gan shi ya murmure, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ai ka warke, waɗannan ƙwayoyi masu cin kuɗi kuma na mene ne?" Washegari sai ga jiƙo cikin gora. Da zuciya ɗaya ta yi, amma da ya bi ta tata da mun koma layin wankin ƙoda.

Ni malamin bayoloji ne a sakandare, bari in faɗa yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Ƙodar da aka ciro daga jikina ta ɗauki lokaci cikin sanyi babu jini a cikinta. Wannan rauni ne, dawowar jinin kuma wani raunin ne daban, domin a lokacin ne ƙwayoyin gado masu haddasa kumburi suke farkawa, su yi ta kururuwa har garkuwar jiki ta ankara cewa an yi baƙo. Sojojin jikin nan kuwa ba su san zumunci ba. A cikinsu akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jiki, mai suna kalsinurin, shi ne mai buɗe ƙofa: ya saki wani furotin ya shige cibiyar ƙwayar halitta, ya tayar da ƙwayar gadon da ke yin intalukin-2, sinadarin da ke kiran sojoji su ninka kansu su auka wa baƙon. Takrolimus, maganin dashen da ƙanena yake sha, wanda aka gano a 1984 daga ƙwayar cutar cikin ƙasa a Japan, hannun mai buɗe ƙofar nan kawai yake riƙewa. Ƙwayar gadon tana nan daram, barci take. Ka tsallake magani, ta farka. Shi ya sa ƙanena yake sha kowace awa 12, har agogon waya ya saita masa.

Dashen farko da ya yi nasara, a Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, jikin bai ga baƙo ba. Ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ba tagwaye ba ne.

Jiƙon fa? Hanta tana da nata inzayim da ke narkar da takrolimus. Kilaritoromaisin, maganin bakteriya, da fulukonazol, maganin fangas, suna danne inzayim ɗin, maganin ya taru a jini har ya cutar da ƙodar da ake karewa. Rifamfisin na tarin fuka kuma kore maganin yake da sauri. Waɗannan an san su, an auna su. Abin da ke cikin gorar gwaggo, ko mai haɗa shi bai auna ba.

Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano. Roƙona ga likitocinmu na ƙoda a ko'ina shi ne su buga 'yar takarda da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da sunayen magungunan da ba sa jituwa da maganin dashe, mara lafiya ya riƙa nuna wa mai kemis, ya kuma karanta wa su gwaggo.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Gwale, Kano