Sanarwa: zama kan gwajin aikin hannu na ɗalibai

Assalamu alaikum malamai da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, barkanmu da aiki.

Za mu zauna ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe a ɗakin gwajin lantarki, don mu tsara yadda za a auna ƙwarewar hannun ɗalibai a wannan zango. Rahoton da suke rubutowa ba ya nuna wanda ya iya aiki. Mutum ɗaya ke haɗa waya, huɗu su kwafi lambobi.

Shawarar ita ce kowane ɗalibi ya zauna shi kaɗai minti 15: ya haɗa resista (abin da ke rage gudun wuta) biyu da batir mai bolt 9, ya lissafa abin da yake sa ran gani, sannan ya auna da mita. A lura sosai da awon karan, wato yawan wutar da ke gudana a waya. Dole ya yanke layin ya sa mitar a tsakiya. Da yawa sukan bar jar wayar mitar a ramin amfiya (na awon karan) su ɗora mitar kai tsaye kan batir, nan take fiyus ɗin mitar ya ƙone (mun san wannan ciwon kai). Daga nan a ba shi haɗin da aka ɓata da gangan, ya nemo matsalar. A ganina nan ya kamata maki ya fi yawa.

Kafin yammacin Laraba, kowane malami ya turo aiki biyu da rabon makinsu. Ma'aikatan ɗaki su gwada kowace mita, su ƙirga masu aiki, su tanadi fiyus na canji.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.